Maniyyi Mai Rarrafe: Lacca kan Gado da Haihuwa a Jikin Wata 'Yar Tsutsa

 

An ce in yi magana a kan maniyyi, kuma maniyyin ma na tsutsa. Na san akwai masu sunkuyar da kai tun daga jin kalmar farko, akwai kuma masu murmushi da jin ta biyun. Masu sunkuyar da kai ina ba su haƙuri, ko a zauren karatun fiƙihu da sunansa ake kiransa in an zo babin tsarki. Masu murmushi kuwa, su ara mini kunnuwansu na ɗan lokaci.

Sunan tsutsar Caenorhabditis elegans, masu bincike kan taƙaita su ce C. elegans. Tsawonta milimita 1 ne in ta girma. A cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa da taki take zaune, tana cin bakteriya, ba ruwanta da jikin mutum. Danginta ne kuka sani: doguwar tsutsar cikin nan da ke fita daga jikin yara in sun sha magani, da kurkunu, wanda sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi, da wadda ke kumbura ƙafa ta zama tundurmi, da wadda ke ƙulle saiwar tumatir a lambu. Duk gida ɗaya ne, gidan nematoda. Wani Bafaranshe mai suna Emile Maupas, ma'aikacin laburare a birnin Aljiyas, shi ya fara siffanta ta a 1900. Wanda ya mayar da ita dabbar ɗakin bincike kuwa Sydney Brenner ne, haifaffen Afirka ta Kudu mai aiki a Kambirij ta Ingila, wanda ya fara tunanin hakan a 1963, ya fitar da babbar maƙalarsa a 1974. Dalilansa ba ɓoyayyu ba ne. Jikinta garau yake, ana hango duk abin da ke gudana a ciki tana raye. Cikin kwana uku da 'yan awoyi ƙwai ya zama uwa. Ana iya daskarar da ita a firiza shekara da shekaru, a narkar ta ci gaba da harkarta. A 1998 ta zama dabba ta farko da aka karance DNA ɗinta, kuma sau huɗu aikin da aka yi da ita yana cikin waɗanda suka ci kyautar Nobel: 2002, 2006, 2008 da 2024.

Bari mu daidaita kalmomi huɗu don kada mu ɓace a hanya. In na ce tantani, ina nufin ƙaramin ɗakin nan mai rai da ake gina kowane jiki da shi. In na ce ƙwayar gado, ina nufin wani yanki na DNA mai ɗauke da umarnin haɗa abu guda. Abin da ake haɗawar, galibi, furotin ne, shi ne ma'aikacin da ke yin aikin a zahiri. Kuromosom kuwa doguwar igiyar DNA ce da ƙwayoyin gado ke jere a kanta. Tsutsarmu tana da ƙwayoyin gado wajen 20,000, adadin da bai yi nisa da namu ba.

Tun kafin Brenner dangin nan ke koya wa masana sha'anin haihuwa. A 1883 wani ɗan Beljiyam, Edouard van Beneden, yana duba ƙwan tsutsar cikin doki, ya ga cewa rabin kuromosom ɗin ɗan tayi daga ƙwai yake fitowa, rabi daga maniyyi. Abin da kowane ɗan sakandare ke haddacewa yau, a cikin tsutsa aka fara ganinsa.

To, me ya sa C. elegans ta fi dacewa da binciken maniyyi? Amsar tana cikin yadda aka halicci jinsinta. Mafi yawansu mata-maza ne. Siffar jikin ta mace ce, da mahaifa da komai, amma a zangon ƙarshe na ƙuruciya, kafin ta fara yin ƙwai, takan ƙera maniyyi wajen 300, kimanin 150 a kowane ɓangare na gaɓar haihuwarta mai hannu biyu, ta adana a wata 'yar jaka da zan kira taska. Daga nan ta rufe wannan babin har abada, ta koma yin ƙwai zalla. Duk ƙwan da ya nuna sai ya ratsa ta taska, maniyyi ɗaya ya shige shi, ya wuce mahaifa. Maza zalla akwai su, amma ɗaya ko biyu ne a cikin dubu. Mata-maza tana da kuromosom X guda biyu, namiji guda ɗaya tak, ba shi da Y. Saboda haka rabin maniyyin namiji na ɗauke da X, rabi ba ya ɗauke da shi, kuma wannan ne ke yanke jinsin ɗan da za a haifa. A wurin ɗan Adam ma maniyyin uba ne ke yanke wannan hukunci, sai mu tuna da haka ranar da za a yi wa wata gorin haihuwar 'ya'ya mata.

Yanzu ku biyo ni ɗakin bincike. Ga ɗan farantin roba mai murfi, an zuba masa wani daskararren abu da ake kira aga, an shafa bakteriya a tsakiya. Ta madubin likita za ka ga tsutsotsi na lanƙwasa suna barin sawu a kan abincin. Mai bincike na riƙe da siririyar wayar filatinam da ya daddale bakinta, ya ƙona ta a fitilar sifirit, ya bari ta huce, ya ɗauki tsutsa ɗaya ya ajiye a sabon faranti ita kaɗai. Iyayen waɗannan tsutsotsi an riga an jiƙa su a wani sinadari mai suna EMS wanda ke lalata ƙwayoyin gado nan da can ba zaɓi. Bayan kwana biyu ya dawo. Lafiyayyar tsutsa ta cika faranti da ƙwai masu ɓawo, dogaye kaɗan, masu sheƙi, ga jarirai na yawo. Amma a wani farantin sai ya tarar da wasu abubuwa kewayayyu, masu duhu-duhu, ba ɓawo, suna narkewa a kan aga. Ƙwai ne da maniyyi bai shige su ba. Wannan tsutsa ba ta haihuwa.

Nan ne dabarar take, kuma ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa yau. Laifin na ƙwai ne ko na maniyyi? Sai ya ɗauko lafiyayyun maza ya zuba mata. In ta ci gaba da zubar da ƙwai marasa ɓawo, matsalar tana wajen ƙwai ko mahaifa. In kuwa washegari faranti ya cika da 'ya'ya, an wanke ƙwan sarai, maniyyinta ne ke da tawaya. Kuma da yake ta haihu, ƙwayar gadon da ta lalace ba ta ɓace ba, tana jikin 'ya'yan, ana iya bin sawunta har a gano wace ce. Akwai ma tawayar da ba ta bayyana sai da zafi: a digiri 16 tsutsa na haihuwa lafiya lau, a digiri 25 ta daina. Ka rene ta a sanyi, ka yi gwajinka a ɗumi. Samuel Ward ne ya kafa wannan fage a Amurka tun shekarun 1970, sannan waɗanda suka biyo sawunsa irin su Steven L'Hernault da Diane Shakes suka faɗaɗa shi. Ƙwayoyin gadon da aka gano ta wannan hanya gommai ne, ana kiransu fer ko spe tare da lamba. Kowace ɗaya tana tsayar da aiki a wani mataki, kuma inda aikin ya tsaya shi ke nuna abin da take yi in tana lafiya.

Mataki na farko shi ne yanke shawara: wannan tantani maniyyi zai zama ko ƙwai? Ɗakin binciken Judith Kimble a Jami'ar Wiskonsin ya yi fice a nan. Ashe ja-in-ja ne tsakanin ƙwayoyin gado biyu, tra-2 mai ja zuwa ƙwai, da fem-3 mai ja zuwa maniyyi. A ƙuruciya wasu furotin biyu, FOG-2 da GLD-1, sukan danne saƙon tra-2 na ɗan lokaci, fem-3 ta samu sarari, a yi maniyyi. Daga baya wani furotin mai suna FBF ya danne fem-3, a koma ƙwai. In aka sauya harafi ɗaya a wurin da FBF ke kamawa, tsutsa za ta yi ta zuba maniyyi har ta mutu, ba ƙwai ko ɗaya. In aka kashe fog-2, sai ta tashi mace zalla, sai da namiji za ta haihu. Wani zai ce, to me ya hana ta ƙera maniyyi 600 ta ninka zuri'arta? Jonathan Hodgkin da Thomas Barnes sun amsa a 1991. Sun samu wadda ke haifar 'ya'ya kusan 500, amma da yake ta daɗe tana ƙera maniyyi, sai ta makara wajen fara ƙwai, kuma zuri'ar mai 300 ta riga ta cinye abincin.

Mataki na biyu shi ne rabuwa. Uwar tantani guda takan rabu sau biyu ta ba da 'ya'ya huɗu, kowanne da rabin kuromosom. A nan nake so mu ɗan zauna. 'Ya'yan huɗu sukan tsiro ne daga jikin wani dunƙule na tsakiya, su ɓalle su bar shi. Abin da suka bari a cikin dunƙulen ya fi abin da suka ɗauka ban mamaki. Sun bar ribosom, wato injinan haɗa furotin, kaf. Sun bar aktin da tubulin, furotin biyun da kusan kowane tantani a duniya ke dogara da su wajen tsayuwa da motsi. Kamar matafiyi ne da ya ƙulle guzurinsa ya bar murhu da tukunya a gida: duk abin da zai ci a hanya dole ya kasance an riga an dafa. Daga wannan lokaci maniyyi ba zai ƙara haɗa sabon furotin ba, duk abin da zai yi nan gaba da kayan da aka ɗaure masa zai yi.

Ɗaurin kayan ma aiki ne mai ƙa'ida. Tun kafin rabuwa ake haɗa wasu ƙunshi, kowanne da 'yar jaka mai fata a gefe ɗaya da damin zaruruwan furotin a ɗaya gefen, a rarraba wa 'ya'yan huɗu. In spe-6 ta lalace, zaruruwan ba sa ɗauruwa. In spe-15 ce, rabon ke rikicewa, abin da ya kamata a bari a tafi da shi. In spe-4 ce, uwar tantanin takan raba cibiyarta, inda kuromosom suke, huɗu amma ta kasa fitar da ɗa ko ɗaya. Ita spe-4 ɗin nan L'Hernault ya karance ta a 1992, ba wanda ya san me ta yi kama da shi. A 1995 masu bincike a Toronto suka gano ƙwayar gadon da ke jawo cutar mantuwa ta Alzheimer mai kama mutum da wuri a wasu zuri'o'i, suka laluba rumbun bayanai don neman danginta, sai ga furotin ɗin maniyyin tsutsa.

Mataki na uku farkawa ne. Ɗanyen maniyyi kewayayye ne, ba ya motsi. In sigina ta zo, cikin 'yan mintuna 'yan jakunkunan nan su manne da fatar tantani su zazzage abin da ke cikinsu, sannan wata ƙafa ta tsiro daga gefe ɗaya. Na ce ƙafa, domin maniyyin nematoda ba shi da wutsiya, ba ya iyo. Rarrafe yake yi. Kuma da yake ya baro aktin a gida, da wani furotin nasa na kansa yake rarrafen, wanda ake kira MSP, wanda Michael Klass da David Hirsh suka siffanta a 1981. Ƙarami ne, amma ya kai kusan kashi 15 cikin 100 na duk furotin ɗin da ke jikin maniyyin. A bakin ƙafa ƙwayoyinsa ke haɗuwa su zama zare su tura fata gaba, a gindin ƙafa zaren ke warwarewa ya jawo jiki. Thomas Roberts na Jami'ar Jihar Fulorida ya shafe shekaru yana nazarin wannan a maniyyin tsutsar cikin alade, saboda ta fi girma, har a 1996 shi da abokan aikinsa suka sa zaren ya yi ta tsiro yana tura 'yan jakunkuna a kan gilashi ba tare da tantani mai rai ba.

MSP bai tsaya nan ba. A 2001 ɗakin binciken David Greenstein ya nuna cewa maniyyi na fitar da shi waje ya zama saƙo zuwa ga ƙwai: ga ni nan, ka nuna ka fito. In akwai maniyyi a taska, kowane hannu na gaɓar haihuwa na sakin ƙwai kusan duk minti 23. In babu, sakin ya ragu ƙwarai, uwa ba ta ɓarnar ƙwanta. Ƙwan shi ma yana da nasa kiran, wasu sinadarai da yake haɗawa daga kitse, su ne ke nuna wa maniyyi hanyar taska. Yana buƙatar kiran kuwa, domin duk ƙwan da ya ratsa taska yakan share maniyyi da yawa ya tura su mahaifa, sai sun rarrafo sun dawo. Wanda bai iya rarrafe ba, waje za a zubar da shi tare da ƙwai. Duk da wannan kai-komo, a lafiyayyar mata-maza kusan kowane maniyyi sai ya samu ƙwansa. Ku auna da ɗan Adam, inda miliyoyi ke tafiya don guda ɗaya.

Wa ke ba da siginar farkawa? Hanya biyu ce. Akwai rukunin ƙwayoyin gado, spe-8 da spe-12 da spe-19 da spe-27 da spe-29, waɗanda in ɗaya ta lalace mata-maza ba ta haihuwa da kanta, amma namiji mai tawaya iri ɗaya yana haihuwa. Dalili shi ne namiji na da hanya ta biyu: wani furotin mai yanka, TRY-5, a cikin ruwan maniyyinsa. Har ma in ya sadu da mata-maza mai wannan tawaya, ruwan nasa kan farkar da nata maniyyin da ke kwance. Gillian Stanfield ce ta jagoranci gano wannan, tare da mai tsaronsa, SWM-1, wanda ke riƙe TRY-5 har lokacin saduwa. In mai tsaro ya faɗi, maniyyi ya farka tun yana jikin namiji, ya cunkushe hanya, namijin ya kasa isar da shi. A 2009 Ronald Ellis da abokan aikinsa suka haɗa wannan ilimi da na ja-in-jar da na faɗa ɗazu. Suka ɗauki wata 'yar'uwar tsutsarmu, C. remanei, wadda maza da mata zalla gare ta. Suka rage ƙarfin tra-2, matan suka fara ƙera ɗanyen maniyyi amma bai farka ba. Suka ƙara da rage swm-1, sai ga mace na haihuwa ita kaɗai. Taɓa wuri biyu kacal.

Bari in tsaya kan fer-1, wadda a ganina labarinta ya fi na kowace. Ward da Johji Miwa sun siffanta tawayarta a 1978: 'yan jakunkunan nan sukan zo har bakin fata su tsaya, ba sa mannewa, ƙafa ta fito guntuwa, maniyyi ya kasa tafiya. Kusan shekara 20 tana nan a matsayin wata matsalar tsutsa, har aka karance ta a 1997. Shekara ɗaya bayan haka, a 1998, masu binciken wata cutar shanyewar tsoka da ake gado suka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, suka ga 'yar'uwar fer-1 ce, suka sa wa furotin ɗin suna disfalin. Aikinsa liƙe fatar tantanin tsoka in ta yage, ta hanyar manna mata 'yan jakunkuna. A 1999 ɗakin binciken Christine Petit a Faris ya gano wata 'yar'uwar, otofalin, a wata zuri'a ta Labanan da ake haifar 'ya'yanta kurame. A can cikin kunne, otofalin ne ke sa 'yan jakunkuna su manne su saki saƙon sauti ga jijiya. Aiki ɗaya ne a wuri uku. A farkon 2024 likitoci a birnin Shanghai suka ba da rahoton yara shida da aka saka wa lafiyayyar ƙwayar gadon otofalin a kunne, biyar suka fara ji. Ba zan ce tsutsa ce ta warkar da su ba, hannaye da yawa ne suka yi wannan aiki. Amma ranar da aka gano ƙwayar gadon kurumtar, an riga an san irin aikin da danginta ke yi, kuma a maniyyin tsutsa aka sani.

Mataki na ƙarshe shi ne haɗuwa da ƙwai, kuma shi ya fi shafar mu. A 1998 Andrew Singson da abokan aikinsa suka bayyana spe-9. Maniyyin da ke da wannan tawaya, in ka sa shi a madubi ba za ka ga aibu ba. Siffarsa daidai, yana farkawa, yana rarrafe, yana isa taska, yana kiran ƙwai ya fito. In na namiji ne, har ture na mata-maza yake yi gefe, domin maniyyin namiji ya fi girma da sauri kuma shi ake fara amfani da shi. Ya taɓa ƙwai, amma ba ya shiga. Abin da ya rasa wani furotin ne guda a kan fatarsa wanda ƙwai ke gane shi da shi. Daga baya aka samu wasu irinta: spe-38, spe-41, spe-42. A 2005 masu bincike a Osaka ta Japan suka ga haka a ɓera: namijin da ya rasa furotin IZUMO1 maniyyinsa na iyo, yana huda rigar ƙwai, amma ba ya haɗewa da shi. A 2015 ɗakunan bincike biyu suka gano spe-45 a tsutsa, mai yanki irin na IZUMO1.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitocin fannin sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun ɓangaren namiji. Gwajin maniyyi na asibiti yawa yake dubawa, da motsi, da siffa. Maniyyi irin na spe-9 zai ci wannan jarrabawa duka. Ke nan ko mijin da aka gwada aka ce lafiyarsa lau, ba a gama wanke shi ba, balle wanda bai taɓa taka asibitin ba. Mu kuwa mun san yadda abin yake a gidajenmu: shekara uku ba ciki, an fara kiran yarinya juya, ita ce gidan mai magani, ita ce asibiti, maigida na shirin ƙaro aure. Mai binciken tsutsa ba ya ɗora wa ƙwai laifi sai ya yi gwajin da zai iya wanke shi. Roƙona ga 'yan'uwana maza da iyayenmu surukai shi ne a tafi asibiti tare, a gwada kowa.

Akwai abin da maniyyi ke kaiwa ban da DNA, zan taɓa shi a gurguje. Inda ya shiga ƙwai, nan ne zai zama bayan jikin tsutsa. Shi ke kawo 'yan sandunan da ke tsara rabuwar farko. A 2000 Penny Sadler da Diane Shakes suka nuna cewa maniyyin da ba shi da cibiya sam, ba kuromosom ko ɗaya, yana rarrafe ya shiga ƙwai ya nuna masa gaba da baya, ko da yake ɗan tayin ba ya rayuwa. Akwai spe-11, wadda in uba bai kawo furotin ɗinta ba ɓawon ƙwai ba ya haɗuwa daidai, ɗan tayi ya mutu komai lafiyar uwa. Akwai ma peel-1, wadda ke ɗora wa maniyyi guba, ba ɗan da zai tsira sai wanda ya gaji makarinta, zeel-1, da ke maƙwabtaka da ita a kan kuromosom. An gano ta ne da aka haɗa irin Biristol ta Ingila da irin tsibirin Hawai aka ga kashi ɗaya cikin huɗu na jikoki na mutuwa.

Kada dai a fita daga nan a ce na ce tsutsa mutum ce. Maniyyinmu wutsiya gare shi, nata ƙafa. Da yawa daga ƙwayoyin spe ba a ga takwarorinsu a jikinmu ba. Wannan bambancin ma yana da amfaninsa: rarrafe da MSP nematoda kaɗai ke yin sa, don haka masana ke kallon sa a matsayin wurin da magani zai iya bugun tsutsar ciki ko ta amfanin gona ba tare da ya taɓa mai ita ba. Har yanzu tunani ne da gwaje-gwaje, ba maganin da ke kanti.

Maganata ta ƙarshe ga ɗalibai ce. Wannan bincike ba ya cikin masu tsada. Faranti, aga, bakteriya, madubi mai sauƙi, 'yar waya. Akwai cibiya a Jami'ar Minesota da ke ajiye dubban ire-iren tsutsar, tana aika wa masu bincike a ko'ina kan kuɗi kaɗan. Abin da zai ba ku wahala zafi ne. C. elegans tsakanin digiri 15 da 25 take jin daɗi, in aka haura 27 haihuwarta ta fara tsayawa, ɗakunanmu kuwa a watan Afrilu kun san inda suke kaiwa. Sai da akwatin sanyi da wutar da ba ta yankewa, wato sai an haɗa da sola. Amma akwai 'yan'uwanta na ƙasashen zafi, irin su C. briggsae da C. tropicalis, su ma mata-maza ne, kuma kowace ta bi tata hanyar daban ta kai ga haka. Akwai kuma C. afra da aka samo a Ghana. A ruɓaɓɓen mangwaro da gwanda da ke zube a gindin bishiya ake samun irinsu: ka ɗora ɗan yanki a gefen faranti, bayan 'yan awoyi su rarrafo wajen abinci da kansu. Wanda ke neman abin da zai yi aikin kammala digirinsa a kai, ya tsaya mu gana bayan an tashi.